Gudun da Zayyadu Ya Yi wa Mina

Zayyadu mutumin Tahoua ne, amma a Arlit ya yi gemu. Direban kar ne, irin manyan motocin nan masu kwasar ma'aikata daga gari zuwa mahaƙar yuraniyom. Ban da tuƙi, da gudu aka san shi. A zamanin da kamfani ke da maiƙo akwai kulob na 'yan gudu, ana ba su takalma da riguna, kuma duk shekara cikin sanyin Janairu sai a shirya maraton, dogon tseren ƙafa, a miƙa kan kwaltar Agadez a juyo. A kulob ɗin ya haɗu da Akoli, wani dogon Ba'abzine marar yawan magana, mai gyaran injinan ruwa a mahaƙa. Tare suke fita motsa jiki bayan sallar asuba. A site, unguwar da kamfani ya gina wa ma'aikatansa, katanga ɗaya ce ta raba gidajensu.

Akoli yana da 'ya, Mina, ba ta wuce shekara bakwai ba. 'Ya'yan Zayyadu suna Tahoua wurin kakarsu suna karatu a lekol, don haka Mina ce ke cika masa gida da surutu. A gidansa take karyawa, matarsa Baraka ce ke yi mata kitso. Baba Zayyadu take ce masa. Ranar maraton ita ke riƙe musu tawul a bakin layi, kuma duk wanda ya riga isowa tsakanin ubanta da shi, sai ta ce ai ita ta yi masa addu'a.

Sai al'amura suka juya. Farashin yuraniyom ya faɗi a kasuwar Turawa, kamfani ya fara sallamar mutane rukuni-rukuni. Damina ta ƙi a daji, makiyaya daga Gougaram da kewaye suka riƙa shigowa gari da 'yan awakin da suka rage musu, suna kafa rumfunan kwali da tsofaffin ganguna a Bukoki, can bayan gari. A duwatsun Abzin kuma tawaye ya tashi. Aka kafa shingaye a hanyoyi, aka hana taro. Mutanen da suka daɗe suna shan shayi a kofi ɗaya suka fara duban juna ta wutsiyar ido.

Wata safiya Zayyadu ya ɗauko ma'aikata, sai sojoji suka tsayar da shi a shingen fita gari. Biyu suka hau motar, suka bi kujera-kujera suna duban fuskoki, suna nuna waɗanda za su sauka. Duk Abzinawa ne. Akoli yana zaune inda ya saba, a kujerar da ke bayan direba. Babban sojan ya dafa kafaɗar Zayyadu.

"Direba, ka san wannan?"

Zayyadu ya dubi madubi, ya ga idon Akoli a ciki. Ya tuna an ce za a rage direbobi, ya tuna 'ya'yansa.

"Ina ɗaukar shi dai, kamar kowa," ya ce.

Akoli ya gyara rawaninsa ya sauka. Kwanon abincinsa ya rage a kan kujera, ɗaure cikin ƙyalle. Da yamma Zayyadu ya miƙa wa Baraka kwanon ya ce ta kai maƙwabta. Bai gaya mata abin da aka tambaye shi ba, amma motar cike take da mutane, kafin magariba site duka ta ji.

Ba wanda ya san takamaiman inda aka kai waɗanda aka kama. Bayan 'yan watanni kamfani ya ce Akoli ya bar aiki ba da izini ba, aka soke sunansa, aka karɓe gidan. Matarsa Aïcha ta ɗora kayanta a amalanken jaki ta koma Bukoki wurin danginta. Ranar da take kwasar kaya, Zayyadu ya karɓi aikin wani direba a kan nasa, don kada a yi abin yana gida.

Cikin sanyi Mina ta kwanta. Da farko ciwon maƙogwaro ne da zazzaɓi, ya zo ya wuce. Daga baya gaɓoɓinta suka kama ciwo, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya ko daga shimfiɗa zuwa bakin ƙofa. Baraka ce ke zuwa da 'yar miya a kwano. Ita ta raka Aïcha asibitin gwamnati, suka tarar ma'aikatan sun yi watanni ba albashi, kantar magani kuma ba komai sai kwalaye wofi. Asibitin kamfani yana da likitoci da magani, amma tun da aka shiga matsi ya daina karɓar wanda ba iyalin ma'aikaci ba, sai fa in wani ma'aikaci ya zo da ƙafarsa ya ce shi ya tsaya wa marar lafiya.

"Kai kaɗai za ka iya," Baraka ta ce masa. "Ni mace ce, ba su san ni ba. Ka tahi ka ɗauko ta."

"Bari ƙura ta lafa. Yanzu duk wanda anka gani da iyalin waɗanda anka kama, shi ma an sa mai ido."

Ƙura ta lafa. Kafin bazara an yi zaɓe a ƙasar, ana maganar sulhu, har an fara sakin wasu daga cikin waɗanda aka kama. Ba wanda ya ƙara damuwa da wa ya gaisa da wa. Amma Zayyadu bai je ba. Tsoron ya tafi ya bar masa abin da ya fi shi nauyi. Duk ranar da ta wuce bai je ba, sai zuwan ya ƙara yi masa wuya. Da wane baki zai yi sallama? Me zai ce ya tsare shi tun sanyi? Sau ɗaya ya yi shiri, ya sa babbar riga, ya taka har bakin famfon da mutanen Bukoki ke ɗiban ruwa. Sai ya hango Aïcha a layi cikin baƙin lulluɓinta, da jarka a gabanta. Ya juya kamar wanda ya manta wani abu a gida.

"Tsoro na daji, kunya na gida," in ji Baraka da ta ga ya dawo da wuri. "Kai kuwa ka haɗa duka biyu."

Ana cikin haka Muktari, sakataren kulob, ya samo izinin yin maraton da aka hana a Janairu. Ranar da hukuma ta ba shi ita ce Ranar Ma'aikata, ɗaya ga Mayu. Duk wanda ya ji sai ya yi dariya. A Arlit, cikin Mayu, ko ƙarfen sitiyari ba ya taɓuwa da tsakar rana. Turawan kulob suka ce ba da su ba. Muktari ya ce in ba a yi bana ba kamfani zai rufe kulob ɗin, kuma ai da asuba za a tashi, kafin rana ta yi ƙarfi an gama.

Baraka ta dawo daga Bukoki wata la'asar ta zauna a bakin murhu ba ta hura wuta ba.

"Mina ta ji za a yi tsere," ta ce. "Tana tambaya wa zai riƙe ma Baba Zayyadu tawul."

Washegari Zayyadu ya ɗauki rigar gudunsa ya kai wa mai rubutun allunan shaguna a kasuwa. Aka rubuta masa MINA da jan fenti a ƙirji, manyan baƙaƙe. Ya koma motsa jiki da asuba, shi kaɗai. Sai ya ji kamar an rage masa kaya, har abinci ya fara yi masa daɗi.

Baraka ta ga rigar a kan igiya.

"Daga nan zuwa ɗakin Aïcha, ko tuwo ba ya hucewa kahin ka kai," ta ce. "Kai kuma ka zaɓi gudun da ko raƙumi ba ya yi cikin ranar ga."

"Don ita nike yi."

"Ita ta ce ka yi mata gudu? Likita take buƙata."

"Bayan tsere, in Allah ya so. In anka ga sunanta, Majo Kalilu zai ji labari, magana za ta yi sauƙi."

Majo Kalilu shi ne babban ma'aikacin jinya a asibitin kamfani.

"Majo ɗan garinmu ne," in ji Baraka. "Gidanshi na nan bayan masallaci. Shi ma sai an yi mai gudu kahin a gaishe shi?"

Zayyadu ya ɗauki buta ya zagaya.

Ranar tsere 'yan gudu suka taru a filin ƙwallo tun da sanyin safiya. Ba su da yawa. Saboda hanyar Agadez ba ta da tsaro, an ce za a bi kwaltar da ke tsakanin Arlit da Akokan, a je a dawo sau uku. An tanadi ruwa a filin da kuma can Akokan, sai ganga ɗaya a hanya, a gefen Bukoki, inda wata rumfar mai faci ke ba da 'yar inuwa. Sai dai ba za a tashi ba sai motar sojojin rakiya ta zo, ita kuwa ba ta zo ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Mutane uku suka tuɓe lambobinsu suka koma gida tun ba a fara ba.

Muktari yana yawo da lasifika, ya tsaya gaban Zayyadu yana karanta ƙirjinsa.

"Mina wa?"

"Ɗiyar wani maƙwabcinmu ce. Ba ta da lahiya."

Bai faɗi sunan uban ba. Muktari ya ɗaga lasifika ya sanar cewa Zayyadu direba zai yi gudun yau ne domin wata yarinya marar lafiya, a sa ta cikin addu'a. Jama'a suka tafa. Wani dattijo ya kama hannunsa ya ce Allah ya saka da alheri, irinku sun yi ƙaranci. Zayyadu ya sunkuya kamar yana gyara igiyar takalmi.

Aka busa usur.

Zuwan farko bai yi masa wuya ba. Ƙafafunsa sun san aikinsu. Ya bar samari suka wuce da zafinsu, ya kama tafiyarsa a hankali. Iska tana busowa daga gabas kamar daga bakin tanda. Can nesa tsibin ƙasar da aka tono daga mahaƙa yana rawa cikin zafi. Da ya kusa rumfar mai faci ya karkata zai sha ruwa, sai ya ga su wa ke zaune a inuwar, dab da gangar. Baraka ce, da Aïcha, da wata 'yar ƙaramar halitta a kan tabarma an jingina ta da matashi. Bai gane ta ba sai da ta ɗaga hannu. Wuyanta ya zama kamar sillen kara, fuskarta kuma ta kumbura. A cinyarta akwai tawul a ninke.

Zayyadu ya dubi agogonsa, ya koma tsakiyar kwalta, ya wuce bai sha ba.

Ya ce wa ransa zai tsaya a dawowa. Da ya dawo ya ga Aïcha ce da kanta ke riƙe da moɗa tana miƙa wa 'yan gudu, don yaron da aka sa aikin ya gudu inuwa. In zai sha, daga hannunta zai karɓa. Ya bi ta ɗaya gefen hanyar, ya sa wani ɗan gudu tsakaninsa da su. Ya ji wata siririyar murya tana cewa Baba Zayyadu. Ya yi kamar ƙarar motar rakiya ta hana shi ji.

A fili ya kwankwaɗi ruwa har cikinsa ya yi ƙara, ya juya zagaye na biyu. Yanzu rana ta hau sosai. Kwalta ta yi laushi, takalmi yana ɗan mannewa kafin ya ɗago. Samarin da suka wuce shi ɗazu ya riƙa tarar da su ɗaya-ɗaya, wani zaune a gefen hanya ya rufe kai da riga, wani an ɗora shi a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Gishiri ya yi fari a gefen bakinsa. Ya sake wuce gangar da kai a sunkuye, ya kai Akokan, ya juyo, ya sake wuce ta. A wannan karon Baraka ta taso har bakin kwalta da moɗa a hannu.

"Zayyadu, ka sha ruwa."

Ya girgiza kai. In ya tsaya wurin Baraka, ai ya tsaya ke nan.

Da ya fito zagaye na uku su huɗu suka rage a hanya. Muktari ya bi shi da gudu yana cewa ya isa haka, an ga ƙoƙarinsa. Bai saurara ba. Yana so ya gama, a rataya masa wani abu a wuya, ya samu abin da zai riƙe a hannu in zai shiga ɗakin Aïcha. Can ya lura zufa ta daina fito masa. Sanyi ya kama shi a tsakiyar ranar nan, tsigar jikinsa ta tashi. Hanya ta riƙa karkacewa. Ya hango rumfar mai faci ta zama biyu, ya yi niyyar bi ta tsakaninsu. Daga nan bai san abin da ya faru ba.

Da ya farfaɗo, rufin kwali ya fara gani, da haske yana shigowa ta ramukan ƙusa. Yana kwance a kan wata shimfiɗa mai warin magani na gargajiya. Mazan Bukoki ne suka ɗauko shi daga kwalta suka shigar da shi ɗaki mafi kusa, ɗakin Aïcha, suka kwantar da shi inda Mina ke kwanciya. Ya yi amai a jikinsa, ya kuma yi abin da ya fi amai. An yage masa wando, an rufa masa zanen mace a ƙugu. Baraka tana durƙushe tana zuba masa ruwa a kai da ƙirji. Ta ɗaga jarkar ta girgiza, ta dubi Aïcha.

"Zuba masa duka," in ji Aïcha.

Ya san jarkar. Ya san kuma layin da ake bi kafin a cika ta. Ya rufe ido yana fatan ya sake suma. Sai ya ji iska kaɗan-kaɗan a fuskarsa. Mina ce a zaune kusa da kansa, tana yi masa fifita da murfin kwando. In ta kaɗa sau biyu sai ta huta ta ja numfashi, ana jin ƙirjinta yana kuka.

Ba a jima ba aka ji jiniya. Motar asibitin kamfani ce, ta kutsa cikin lungunan Bukoki inda ba a taɓa ganinta ba, yara suna bin ta. Majo Kalilu ya sauko da mutane biyu da gadon ɗaukar marar lafiya. Ma'aikacin kamfani ya faɗi, ba a tambayi komai ba. Aka ɗora Zayyadu, aka fito da shi ta gaban matan da suka taru a ƙofa, suka buɗa masa hanya suna yi masa sannu.

Ana shirin rufe ƙofar motar Baraka ta fito rungume da Mina, ta sa ƙafa ta hau.

"Wannan fa?" in ji Majo.

"Ɗiyarshi ce. Ba ka ga sunanta a ƙirjinshi ba?"

Majo Kalilu ya san 'ya'yan Zayyadu duka. Ya dubi yarinyar, ya dubi ƙafafunta, sannan ya sunkuyo kan Zayyadu.

"Zayyadu, kana ji na? Ɗiyar wa ce?"

Harshen Zayyadu ya yi nauyi kamar guntun fata. Ta ƙofar motar yana hango Aïcha a tsaye, ta riƙe bakin lulluɓinta da haƙori.

"Ɗiyar Akoli ce," ya ce. "Akoli mai injin ruwa, abokina. Ni na tsaya mata."

Majo ya ce wa Aïcha ta hau ita ma.

Kwana biyu aka yi ana ƙara wa Zayyadu ruwa, aka sallame shi. Mina kuwa ta daɗe. Likita ya kira shi ofis, tun da shi ya tsaya mata, ya yi masa bayani. Ciwon maƙogwaron nan ne da ba a yi wa magani ba ya sauka ya taɓa zuciya. Kumburin zai saɓe, numfashi zai daidaita, za ta rayu in Allah ya so. Amma abin da ya lalace a zuciyar ya lalace. Ba ita ba aikin ƙarfi, ba ita ba guje-guje, kuma duk wata sai an yi mata allura har ta girma.

"Tun yaushe take haka?" likita ya tambaya.

"Tun sanyi."

Likita ya cire tabarau ya dube shi, sannan ya ci gaba da rubutu.

A gari kuwa labari ya bazu ta wata fuska. An ce Zayyadu direba ya yi gudu har ya faɗi don 'yar Buzu, kuma yana kan gadon mutuwa ya ce ba za a tafi da shi ba sai da ita. In ya shiga kasuwa mahauta suna ƙara masa tsoka. A cikin kar ɗinsa, ma'aikata suna dafa kafaɗarsa, har da waɗanda suke cikin motar a waccan safiyar. Ya daina bi ta kasuwa.

Ranar da ya fara zuwa dubiya ya tarar da Aïcha a barandar asibiti tana wanke kofi. Ya tsaya nesa kaɗan ya gaishe ta, ya tambayi mai jiki. Ta amsa da Hausarta ta Abzinawa, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Da sauƙi. Yau ya ci abinci."

"Aïcha, ni dai..."

"Na gan ka a famfo ran nan," ta ce, ba ta ɗago ba. "Da babbar riga. Na ce ko za ka iso, sai ka juya."

Ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Ban gaya wa Mina ba. Na ce masa kamfani ya aike ka Kwatano da mota. Shiga, yana jiranka."

Mina tana zaune a gado, kumburin fuskarta ya fara sauka. Ta yi murmushi, ta matsa masa wuri.

"Baba Zayyadu, me ka kawo mini daga Kwatano?"

Da ya ce alewa, da magana ta ƙare. Ya zauna a bakin gadon yana duban tafin hannunsa.

"Ban tahi Kwatano ba, Mina. Ina nan cikin gari."

"Duk kwanakin nan?"

"Duka."

Ta yi nazari, irin na yara.

"To me ya sa ba ka zo ba?"

"Kunya nike ji."

"Kunyar wa?"

Ta jira, da ta ga ba zai ce komai ba sai ta kwanta ta juya fuska wajen taga. Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, gobe in zai zo ya taho mata da lemo mai sanyi. Ya ce to. Ya kawo, ya kuma ci gaba da zuwa kullum har aka sallame ta.

An saki Akoli da farkon damina, damina da ba ta kawo ruwan kirki ba ita ma. Ya dawo a rame, yana ɗingishi, kuma kamfani ya ce gurbinsa ya riga ya tafi cikin ragin ma'aikata. Zayyadu ya je Bukoki yi masa barka. Ya tarar da shi a inuwa yana dafa shayi. Suka gaisa, Akoli ya zuba masa kofi.

"An ce ka yi gudu a watan Mayu."

"Na yi. Ban kai ba."

"An gaya mini." Akoli ya ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi. "Na gode da asibiti."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Zayyadu ya zauna yana jiran sauran, ya ma shirya wa zagi, amma Akoli ya koma maganar tsadar gawayi.

Ba da daɗewa ba Akoli ya kwashe iyalinsa zuwa lambun wani kawunsa a wajen Iferouane. Duk ƙarshen wata yakan biyo motar albasa da Mina don allura. Tun da ƙa'idar asibiti ba ta canja ba, sai Zayyadu ya zo ya tsaya. Sukan zauna a benci ɗaya suna jiran layi, yarinyar a tsakaninsu. Su yi maganar rijiyar lambu, da tsutsar da ke cin tumatir, da wa aka sallama a wannan watan. In an gama Akoli ya ce sai wani watan, ya kama hannun 'yarsa su nufi tasha a hankali, suna tsayawa tana hutawa.

Bayan shekara biyu ragin ma'aikata ya iso kan direbobi, Zayyadu yana ciki. Kafin ya miƙa mabuɗin mota ya je wurin Muktari, wanda aikinsa na ofis bai taɓu ba, ya gaya masa labarin tun daga shingen sojoji, bai rage komai ba. Ya roƙe shi ya gaje shi a bencin asibiti. Muktari ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce zai yi.

Ranar da za su koma Tahoua, suna tasha ana ɗaure kayansu a saman mota, sai ga Akoli da buhu a kafaɗa. Ba lokacin allura ba ne, takanas ya zo. Ya sauke buhun a gaban Zayyadu. Albasa ce da busasshen tumatir, da 'yar jakar dabino a sama.

"Na Baraka ne," ya ce.

Ya miƙa wa Zayyadu hannu sau ɗaya, ba irin doguwar gaisuwar Abzinawa da ake ta shafar tafi ba. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida yara. Yaron mota ya ɗaga buhun ya jefa sama, direba ya yi oda, Zayyadu ya hau ya zauna kusa da matarsa.